Takardar Koke: A Duba Rajistarmu Kafin a Tsara Mana Aiki

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jiha,
Ta hannun Shugaban Hukumar Ilimin Manya.

Ranka ya daɗe,

Mu ne malaman azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, masu koyarwa a zaurukan masu unguwanni, da azuzuwan firamare bayan yara sun tashi, da tsakar gidajen da aka ba mu aro saboda matan aure. Mun san da zarar an ce malaman ilimin manya sun kawo kuka, za a zaci maganar alawus ce. Ita ma tana nan, kuma za mu taɓo ta. Amma abin da ya tara mu a yau shi ne alƙaluman da ake karɓa daga hannunmu, da yadda ake tsara mana aiki ba tare da an waiwaye su ba.

Duk ƙarshen wata malami zai zauna ya cike fom: mutum nawa ne a ajinsa, maza nawa, mata nawa, shekarunsu, sana'arsu. Da kuɗin aljihunsa zai yi fotokwafi, ya hau acaɓa ya kai ofishin ƙaramar hukuma, daga nan a ce an tura hedikwata. Shekara da shekaru muna wannan, ba a taɓa dawo mana da ko da shafi ɗaya ba a ce ga abin da aka gano, ga abin da za a gyara. Wasu daga cikinmu sun ga takardun da idonsu, an ɗaure su da igiya an jibga a kan kabad, gara ta fara cin gefensu.

Ko da ma za a karanta su, fom ɗin bai tambayi abin da ya kamata ya tambaya ba. Yana da gurbin waɗanda suka shiga, ba shi da gurbin waɗanda suka fita, balle dalilin fitarsu. Kowace shekara ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, mukan ji a rediyo ana karanto yawan mutanen da suka amfana da shirin a faɗin jiha. Yawan da aka samu ranar buɗe aji ake karantowa, ranar da unguwa ta cika da ɗoki, kowa ya zo ya ga ko za a raba wani abu. Mu da muke riƙe da alli mun san bayan wata uku wani ajin ba a cika tabarma biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ranka ya daɗe, kuma abin da muka sani ɗin nan a rubuce yake cikin rajistar kiran suna da ke jakar kowane malami.

Da za a tara rajistocin nan a jera su wata bayan wata, da an ga abin da bai buƙatar gardama. Ajin maza a karkara yana watsewa da faɗuwar ruwan shuka. Ba mai barin noman firi da maimai ya zo koyon baƙi da wasali, kuma ba mai hankalin da zai ga laifinsa. Ana gama girbin gero da dawa kuma sai samari da magidanta da dama su tafi cin rani, sai damina ta ƙarato su dawo. Saboda haka lokacin da ya dace da ajin wani ƙauye bai dace da na maƙwabcinsa ba, inda masu noman rani suke zaune a gida amma ba sa samun sarari sai da dare. Duk da haka umarnin buɗe azuzuwa a rana ɗaya yake fitowa ga kowa, kuma sau da yawa sai kuɗi sun fito a tsakiyar shekara, wato daidai lokacin da kowa ya ɗauki fartanya. Aji ya mutu, a rubuta cewa mutanen wurin ba sa son ilimi. Haka ranar kasuwa: akwai garin da aka sa masa aji a ranar da kasuwarsa ke ci, shekara ta zagayo ba a sauya ba. Watan azumi kuwa kowa ya san yana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, ana iya lissafa shi tun kafin a buga jadawali, amma kullum sai ya zo mana kamar ba a san da zuwansa ba.

Ajin mata nasa labarin daban ne, kuma shi ya fi damunmu. Mace ta haihu, ta shiga wankan jego kwana arba'in, ta dawo ta tarar an yi mata nisa, kunya ta hana ta zama. Wata mai gida ne ya janye izini domin an mayar da ajin wata unguwa mai nisa. Wata kuwa lokacin ajin ne ya ci karo da ɗora tukunyar dare. Kowane ɗaya daga cikin dalilan nan yana da maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Akwai dalili guda da ba mu taɓa ji an ambata a wani taro ba. Wata malama a cikinmu tana da ɗaliba, dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta fashi ko ana ruwa. A kan allo tana gane kowane harafi, amma in an ba ta littafi sai ta miƙe hannu ta nisanta shi da fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Malama, baƙin nan rawa yake yi mini." Daga baya ta daina zuwa. Da muka zauna muka kwatanta rajistocinmu, sai muka ga kusan kowa yana da irinta, galibi waɗanda suka haura shekara arba'in. Tabarau na karatu suke buƙata da littafi mai manyan baƙaƙe. Da fom yana da gurbin dalili, da tuni hukuma ta san cewa ɗan kuɗin tabarau zai riƙe mata ɗaliban da take asara duk shekara.

Sai maganar ajami. A cikin masu zuwa wurinmu akwai mai shagon da ke rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami a littafinsa, akwai matar da ta sauke Alƙur'ani tana karanta Ishiriniya da Ahalari. Fom ɗinmu yana jefa su a rukuni ɗaya da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, a ba su littafi ɗaya, a fara da su daga shafi ɗaya. Mutumin da ya san cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti, cikin 'yan makonni yake kama boko, in aka tsare shi yana jiran sauran sai ya gaji ya tafi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta nuna girman wannan al'amari a binciken da ta yi a 2010: manyan da suka iya karatu da rubutu da Ingilishi kashi 57.9 ne cikin ɗari, amma da aka ce da kowane harshe sai adadin ya kai kashi 71.6. Tambayar da aka yi ita ke yanke yawan da za a samu. Mu a jiharmu har yau ba a tambayar mai shiga aji me ya riga ya iya.

Ba a tambayarsa ranar shiga, ba a kuma gwada shi da gaske ranar fita. Takardar shaida ta zama ta wanda sunansa ke cikin jerin da aka tura. Alhali gwajin ba wuya gare shi ba. A binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, kati aka riƙa miƙa wa mutum a ce ya karanta jimlar da ke jiki, aka samu kashi 53 na mata da kashi 72 na maza 'yan shekara 15 zuwa 49 sun iya karatu. In ma'aikacin da ke bi gida-gida zai iya wannan a ƙofar gida, malamin da ke tare da ɗalibi wata da watanni ya fi shi iyawa. A ba mu katin gwaji iri ɗaya a duk jiha: karanta saƙon waya, karanta adadin magani a jikin kwalba, rubuta suna da adireshi, lissafin canjin kuɗi. A gwada da shiga, a gwada da fita, a kuma koma bayan shekara a ga ko karatun yana nan.

Wannan na ƙarshen magabata sun san muhimmancinsa. Lokacin da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa a farkon shekarun 1950, Malam Ahmadu Kumasi na jan ragamarsa, an kafa hukumar NORLA a Zariya domin sabon mai karatu ya sami abin karantawa kada ya manta. Har jaridun larduna aka riƙa bugawa, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Sodangi a Kano, kafin a rufe hukumar a 1959. Jihar Kano ta kafa hukumarta ta ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har UNESCO ta karrama ta a 1983. Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin ƙasa na shekara goma a 1982, aka kuma kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa a 1990. Aikin da ya yi wannan daɗewa bai kamata a ce a jiharmu ba wanda zai iya faɗin mutum nawa cikin waɗanda aka yaye bara suke iya karanta wasiƙa a bana ba.

Yanzu ga maganar alawus, domin ita da alƙaluman a ɗaure suke. An sa ƙa'ida cewa ajin da bai kai adadi kaza ba za a rufe shi, malaminsa ya rasa ɗan abin da ake ba shi, wanda dama sai ya yi watanni bai zo ba. To, me ake tsammani? Malamin da ya rubuta gaskiya cewa ajinsa ya ragu shi ake hukuntawa, wanda ya bar sunayen waɗanda suka tafi cin rani, har da waɗanda suka rasu, shi ake yaba wa. Jami'in ƙaramar hukuma ma yana tsoron a ce yankinsa ya gaza, sai ya ƙara nasa a kai. Kafin adadi ya iso teburinka, ranka ya daɗe, ya kumbura sau biyu ko uku, kuma a kansa ake yin kasafin littattafai. Shi ya sa wata cibiyar ke da katan-katan na littafi a kulle ba mai karantawa, wata kuma mutum huɗu ke leƙen littafi ɗaya. Muddin faɗin gaskiya zai raba mutum da abincinsa, ba kwamfutar da za a sayo ta gyara lissafin nan.

Inda ake kafa cibiyoyin ma abin dubawa ne. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma tun daga lokacin unguwanni sun tsiro a gefen birane, rashin tsaro ya kwashe wasu ƙauyuka ya zube mutanensu a garuruwan da ba su shirya musu ba. Da ba a san inda masu buƙata suke ba, sai cibiya ta tafi inda mai faɗa a ji yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta lissafa ilimin manya a cikin ilimin tushe, amma ƙidayar makarantu da ake yi duk shekara, wadda ke ƙirga har kujeru da banɗakuna, tana wuce zaurukanmu ba ta leƙo ba.

Wani abin da ke ɓata mana suna a idon jama'a shi ne masu zuwa da manyan motoci su karɓi sunayen ɗalibai da lambobin wayarsu, a ce za a kawo tallafi. Ba a sake ganinsu, sai saƙonnin siyasa su fara shigowa wayoyin mata. Mazajensu mu suke tuhuma. Tun 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, muna roƙon a hana kowa taɓa rajistarmu sai da takardar izini daga hukuma da yardar masu sunayen.

Abin da muke roƙo, ranka ya daɗe, yawancinsa ba ya cin kuɗi. A sake fom ɗin wata-wata tare da mu, a rage tambayoyin da ba a amfani da su, a sa gurbin masu zuwa a kai a kai, da waɗanda suka daina, da dalili, da abin da mutum ya iya kafin ya shigo, har da ajami. A raba alawus da yawan ɗalibai, a ɗaura shi a kan zuwan malami aiki, a kuma riƙa biya a kan kari. A bar kowace ƙaramar hukuma ta tsayar da watanni da ranakun ajinta bisa abin da rajistar shekarun baya ta nuna. Sannan a riƙa dawo mana da sakamako, ko da shafi ɗaya ne duk wata uku, da Hausa, a manna a ƙofar ofis, domin malami da mai unguwa da hakimi su ga inda yankinsu yake. Masu duba azuzuwa kuma a ba su abin hawa su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, su ƙirga mutanen da ke zaune da idonsu. Muna maraba da hakan.

Muna roƙon a ba mu amsa a rubuce, a kuma sa mana ranar zama da jami'an tsare-tsare na ma'aikata kafin a miƙa kasafin kuɗin baɗi ga majalisa. Za mu zo da rajistocinmu na shekarun da suka wuce, daga birni da karkara, na maza da na mata, a buɗe su a gabanka.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora.

Mu ne naka,
Malaman azuzuwan ilimin manya na ƙananan hukumomin jiha.