Jita-jita Ba Ta Ƙwato Wa Baƙo Haƙƙinsa



Mu da muke zaune a Sabo da zango-zango na Kudu, labari ba abin hira ba ne kawai a wurinmu. Magana guda tana iya rufe kasuwa, ta raba mutum da rumfar da ya yi shekara talatin yana ciyar da iyali da ita. Dattawanmu ba su manta rikicin Shagamu na watan Yulin 1999 ba, wanda labarinsa ya isa Kano aka shiga ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Matasa kuma sun ga na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairun 2021. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa gida Kano, saboda an yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Duk wanda ya san waɗannan ya san zargin da ba a tantance ba yakan ci rai.

To daga ina labarin maƙarƙashiya ke samun ƙarfi? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A 2017 marigayi Shugaba Buhari ya kwashe sama da kwana 100 yana jinya a Landan ba tare da an gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba. Cikin wannan shirun aka ƙirƙiro cewa ya rasu, wai an ɗauko wani Jibrin daga Sudan ya zauna a madadinsa. Maganar ta yi yawo har sai da shi da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Folan a watan Disambar 2018. Duk inda hukuma ta yi shiru, maƙaryaci ne ke karɓar lasifika.

Kada mu ce sai wasu ne ke faɗawa wannan rami. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin an sa maganin hana haihuwa a ciki. Tsoron yana da tushe, domin a 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 daga cikinsu suka rasu. Amma gaskiyar wancan ba ta mai da wannan zargi gaskiya ba. Kafin a dawo da rigakafin a 2004 cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta, kuma 'ya'yan talakawa ne suka gurgunce, ba na masu yaɗa maganar ba.

Wasu cikinmu na cewa jaridun Legas da Ibadan duk bakinsu ɗaya, maƙiyanmu ne, don haka gara saƙon murya na WhatsApp. Ƙorafin yana da hujja. Sau da yawa idan ɗan Arewa ya yi laifi sai a buga ƙabilarsa a kanun labari, idan kuwa shi aka zalunta sai labarin ya koma can ciki. Amma a duba bambancin. Jarida tana da suna da ofis da edita, ana iya rubuta mata raddi, ana iya kai ta kotu. Mai saƙon murya fa, wa ya san sunansa? Idan kasuwa ta kama da wuta a ina za a same shi? Son zuciya daban, ƙirƙirar ƙarya daban.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙinmu. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya ga dama a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali a sashe na 42, ya kuma ba shi damar mallakar fili da gida ko'ina a sashe na 43. Amma ranar da za mu tsaya gaban DPO ko shugaban ƙaramar hukuma ko sarkin gari, jarinmu shi ne a san mu da faɗin gaskiya. Idan aka kashe mana mutum biyu muka ce hamsin, da zarar an gano ƙarin, har biyun ma sai a musanta. Idan muka yaɗa tsohon hoto daga wata ƙasa muka ce na unguwarmu ne, gobe ko na gaskiya muka kawo ba mai kallo.

Saboda haka shawarata ita ce, kafin ka tura wa wani labari ka yi tambaya huɗu: wa ya faɗa, yaushe, a wane gari, kuma wa ya gani da idonsa? Ka jira ka ji ko BBC Hausa ko Aminiya ko gidan rediyon jiharku sun kawo shi, domin kafa guda ba ta isa ba. Akwai masu aikin tantance labari irin su Dubawa. Idan abin ya shafi unguwa, a kira Sarkin Hausawa ko mai unguwa kafin a kira 'yan uwa a gida, domin kiran da aka yi cikin firgici shi ke kunna wuta a Arewa. Wanda abu ya same shi ya kawo wa ƙungiya suna da rana da wuri da shaidu, a rubuta a ajiye.

Iyaye mata da 'yan uwa masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, ku dage. Wanda ya iya karanta kwanan wata a jikin labari ya fi ƙarfin a ruɗe shi da tsohon zance.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya kare mu daga sharrin baki, amin.

Sakataren Ƙungiya