Kuskuren alƙalami, wa zai biya?

Ƴan uwa makiyaya da ƴan tugu, wannan magana ta ishe mu. Tun 1998 da CEDEAO ta fito da takardar ƙetare iyaka, inda ake rubuta yawan bisashe da allurar da aka yi musu, ran makiyayi ke hannun mai alƙalami.

Wani dattijo cikin ƙungiyarmu na da shanu 41, ma'aikaci ya rubuta 14. A bakin iyaka aka tsare 27, aka kira shi ɓarawo gaban ƴaƴansa. Kwana 3 yana tsare. Da gaskiya ta fito, sai aka ce "yi haƙuri, baba".

Haƙuri? An maido shanu, amma wa zai maido mutunci? Har yau dattijon nan ba ya iya shiga kasuwa don kunya.

Wasu na cewa talaka ba ya ƙarar gwamnati. Ƙarya ne! Shari'a ta san diyyar ɓata suna da ɓacin rai. Mun rubuta wa ma'aikatar neman diyya. In ta yi shiru, sai kotu. Duk wanda aka yi wa irin haka, ya kawo takardarsa biro, kada ya yar.