Kada Mu Bar Tagar Magani Ba Mu Yi Tambaya Ba

'Yan'uwa manoma, in malamin gona ya ba mu taki, mukan tsare shi da tambaya: buhu nawa a eka, yaushe za a zuba? Amma in mun je asibiti, a Dutse ko Birnin Kudu, mukan wuni a layi, mu ga likita, mu karɓi ƙwayoyi a taga, mu ruga tasha kada mota ta bar mu. Sai mun isa gida mu tarar ba mu san yadda za a sha ba.

Wanda ke bayan tagar nan ba mai miƙo ƙunshi ba ne kawai. Mai harhaɗa magunguna ya yi shekaru yana koyon aikin kowane magani da illarsa. Hakkinmu ne mu tambaye shi, aikinsa ne ya amsa.

Ga misali. Tun 1990 zuwa sama kulorokwin ya yi ta rage ƙarfi a kan zazzaɓin cizon sauro, har Nijeriya ta canza shi a 2005. Maganin da aka fi bayarwa yanzu, irin su Coartem, sau 6 ake sha cikin kwana 3, tare da abinci mai maiƙo ko nono. Amma tetirasaikilin, in aka sha shi da fura da nono, ba ya shiga jiki sosai. Ina za mu san wannan bambanci in ba mu tambaya ba?

Da yawanmu kuma, da jiki ya yi sauƙi, sai mu ajiye sauran maganin don wata rana ko don maƙwabci. Wannan kamar a yi noman fari ne a bar maimai. Maganin tarin tibi wata 6 ake sha, wanda ya yanke a tsakani ciwon kan dawo da taurin kai. Na hawan jini ba a dainawa sai da izinin likita. Ƙwayoyin ciwon jiki da muke saye a kemis bayan aikin gona, irin su diclofenac, in suka yi yawa sukan ci ciki, su taɓa ƙoda.

Saboda haka, kafin mu bar taga, mu yi tambaya huɗu. Maganin mene ne wannan? Sau nawa a rana, har kwana nawa? Kafin abinci ko bayansa? Me zan gani in dawo asibiti? Mu kuma faɗi gaskiya in muna shan jiƙo ko wani magani, ko in mace tana da juna biyu.

Muna roƙon masu ba da magani su yi haƙuri da mu, su yi bayani da Hausa a hankali. Kowace ƙungiya kuma ta gayyaci ɗayansu zuwa taronta kafin damina ta faɗi. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu lafiya.