Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano

Ranka ya daɗe, Shugaban Hukuma,

Ina roƙon hukumarku ta ƙara ba hubusi muhimmanci, domin kuɗin haya ya zame wa talakan Kano ƙarfen ƙafa.

A Kurna, Rijiyar Lemo ko Ɗorayi, tela mai keke ɗaya kan biya hayar shago da ta ɗakin kwana, kowacce ta shekara guda a dunƙule. Da mai gida ya yi ƙari, jari ne ke tafiya: a sayar da keken, yaran da ke koyon ɗinki su watse.

Zakka ana raba ta ta ƙare, hubusi kuwa yana ɗorewa. Da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara, Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinsa, ya sadaukar da amfaninsa. Ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado.

Don haka ku tattara sunayen gidaje da filayen da masu hali suka bayar hubusi, ku sanar da jama'a. Sannan ku haɗa kai da ƙungiyoyin ci gaban unguwanni da masu unguwa, a gina shaguna a bakin titi, ɗakunan haya a bayansu. A riƙa karɓar haya wata-wata cikin rangwame, kuɗin shagunan ya ɗauki nauyin gyaran rufi da kwatami. Wajen rabo, a fara da iyayen marayu da masu ƙaramar sana'a.

Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mazaunin Kano