Dutsen Zagami Da Alhakin Da Ke Kan Samaru

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da ƙauyen Zagami, a Lardin Katsina na wancan zamani, sai ya ji ƙara kamar ta aradu. Wani dutse ne ya faɗo daga sama, ya nutse cikin ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tono shi aka auna, nauyinsa ya kai kimanin kilo 18. Kashegari, watau 4 ga Oktoba, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Tsakanin wuraren biyu bai fi kilomita 100 da 'yan kai ba.

Mun kawo wannan tarihi ne domin yau fiye da shekara 60 ke nan, sunan Zagami ya shiga littattafan kimiyya na duniya, amma ɗalibin da ke karatu a Samaru yana iya gama digirinsa bai taɓa jin labarinsa ba. Wannan abin takaici ne, kuma abu ne da ake iya gyarawa ba tare da an kashe dukiya mai yawa ba.

Bari mu fara da bayanin abin da ya sa dutsen ya zama abin nema. Masana sun tabbatar cewa daga duniyar Mars ya fito, watau jar duniyar nan da ke bin tamu a jerin masu kewaya rana. Yadda suka gane kuwa shi ne, a 1976 wasu kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking sun sauka a Mars, suka auna irin iskar da ke can. A 1983 aka sami iska mai irin wannan haɗi a maƙale cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, a 1995 kuma aka same ta cikin dutsen Zagami. Bincike ya nuna cewa narkakken dutse ne na aman wuta da ya daskare a Mars kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Daga baya wani babban dutse ya faɗa wa Mars da ƙarfin da ya watso shi sararin samaniya, ya yi ta yawo kusan shekara miliyan 3 kafin ya sauka a gonar Bakatsine. Duwatsun Mars da aka ga faɗowarsu da ido guda 5 ne kacal a tarihi: na Faransa a 1815, na Indiya a 1865, na Masar a 1911, namu a 1962, sai na Maroko a 2011. Darajar irin waɗannan ta fi ta waɗanda ake tsinta a hamada, domin ba su daɗe a ƙasa ruwa da zafi suna ɓata su ba. Har ma a 1996 an maƙala ɗan ƙwayarsa a jikin wani kumbo da Amurka ta aika ya kewaya Mars, watau dai dutsen Katsina ya koma ganin gida.

Domin mai karatu ya fahimci nauyin wannan kyauta, a 2023 wani kwamitin bincike a Amurka ya ƙiyasta cewa aika kumbo ya ɗebo 'yan duwatsu daga Mars ya dawo da su zai ci dala biliyan 8 zuwa 11. Mu kuwa namu ya zo mana har gona, ba mu biya ko anini ba.

To, me muka yi da shi? An ajiye shi a ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna. A shekarun 1980 babban kaso daga cikinsa ya shiga hannun wani ɗan kasuwar duwatsu daga Amurka, aka yayyanka shi, ya bazu cikin gidajen tarihi da ɗakunan bincike da akwatunan masu kuɗi. Galibin abin da aka rubuta a kansa a ƙasashen waje aka rubuta, kuma can aka sami digirori da kujerun farfesa ta dalilinsa. Ba Zagami kaɗai ba ne. A watan Agusta na 1974 wani ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa. A watan Afrilu na 1984 wani mai kimanin kilo 100 ya faɗo kusa da Gujba, a Jihar Yobe ta yanzu, wanda irinsa ba a taɓa ganin faɗowarsa da ido ba sai shi; mutanen wurin suka farfasa shi, gutsattsarinsa suka watsu. Ba mu ga laifinsu ba. Babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke hannunsu, ko inda za su kai shi.

Abin da ya faru a maƙwabciyarmu Nijar ya isa ya farkar da mai barci. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas. Ranar 16 ga Yuli, 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan fiye da dala miliyan 5. Sai bayan an buga ƙararrawar gwanjo hukumomin Nijar suka buɗe bincike kan yadda ya fita, suka kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Matakin ya yi daidai, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ba ta da masanin da zai gane dutse, ba ta da ma'ajiyar da za a kai shi, to dokar hanawa kaɗai ba za ta tsare mata komai ba.

A nan ne alhaki ya hau kan Samaru. Sau da yawa idan an ce kimiyyar duniyoyi, tunanin jama'a yakan tafi ga roka da kumbo da kuɗin da ba mu da su. Gaskiyar magana ita ce rabin wannan ilmi a kan teburin bincike ake yin sa, da madubin ƙara girma da na'urar auna sinadarai, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin duwatsu da ma'adinai, da sashen fizik, da sashen kimiyyar sinadarai, duk da daɗaɗɗen tarihi. Bugu da ƙari, a Samaru ne Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi take, inda tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Nijeriya ta fara aiki a 2004. Babban aikin wannan tukunya shi ne gano sinadaran da ke cikin abu: a sa ɗan ƙwayar dutse a ciki, a haska shi, kowane sinadari ya fitar da hasken da ke nuna ko wane ne shi da yawansa. Da wannan hanya ce masana a Amurka, ciki har da Luis Alvarez da ɗansa Walter, suka gano a 1980 cewa wata shimfiɗar yumɓu a Italiya tana ɗauke da sinadarin iridiyam fiye da kima. Wannan sinadari ƙaranci gare shi a doron ƙasa, yawa gare shi a duwatsun sama, kuma daga nan suka kafa hujjar cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo shekara miliyan 66 da suka wuce ya hallaka manyan dabbobin zamanin da. Kayan aiki irin wannan yana nan a bakin hanyar Sakkwato, motar haya tana wucewa ta gabansa kullum.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'ar da ta haɗa waɗannan sassa a kan aiki guda, ta kafa ma'ajiyar duwatsun sama mai rajista. Akwai dalili mai ƙarfi. Ƙa'idar ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ita ce ba a yi wa sabon dutse suna a hukumance sai an ajiye samfurinsa, giram 20 ko kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata ma'ajiya da aka amince da ita. In Samaru ta sami wannan amincewa, to ko da an sayar da dutse, rabon ilmi zai tsaya a gida, kuma masanin waje da ke son nazarinsa sai ya rubuto takarda ya nemi aro, ya sa sunan malamanmu da ɗalibanmu cikin aikin. Maroko ta bi wannan hanya. Farfesa Hasnaa Chennaoui ta Jami'ar Hassan na Biyu a Kasablanka ta shafe shekaru tana bin diddigin duwatsun ƙasarta tana horar da ɗalibai, har a 2014 masana duwatsun sama na duniya suka yi babban taronsu na shekara a birninta.

Mun san za a ce ina kuɗi, kuma mun san za a ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ana maganar Mars. Ba mu raina wannan magana ba. Amma abin da muke nema bai kai kuɗin ginin ƙofar shiga guda ba, irin wadda manyan makarantunmu suke son ƙawatawa. Ɗaki ne mai sanyi marar laima, da akwatunan ajiya, da na'urar yanka dutse, da guraben karatu na digiri na biyu da na uku ga ɗalibai ƙalilan kowace shekara. Asusun tallafa wa manyan makarantu, watau TETFund, yana da kason bincike na ƙasa da kason horar da malamai. Abin da ake bukata shi ne malamai su rubuta buƙata mai ma'ana su shigar a kan lokaci. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyoyi a Nsukka da Jos da Toro da Anyigba. Ya kamata ta ƙulla yarjejeniya da Samaru a kan wannan fanni. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a watan Disamba na 2022, an kuma buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Masar a 2025. Sa hannu abu ne mai sauƙi. In ba mu da masanan da za su zauna a teburin, kujerarmu ta 'yan kallo ce. Gwamnatin Jihar Katsina ma tana da haƙƙi na musamman, tunda sunan ƙauyenta ne ke yawo a duniya. Gurbin karatu guda biyu da sunan Zagami ba zai girgiza kasafinta ba.

Ga ɗalibai kuwa, za mu faɗa muku gaskiya. Ba za ku buɗe jarida ku ga ana neman masanin duniyoyi a ma'aikatar jiha ba. Kujerun da ke ɗauke da wannan suna kaɗan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba, kuma sai an yi haƙurin digiri na uku. Amma duba abin da ake koya a hanya: tantance dutse da ma'adinai, fassara hotunan tauraron ɗan'adam, auna abin da ke ƙarƙashin ƙasa, da sarrafa bayanai masu yawa a kwamfuta. Waɗannan su ne ake nema wajen haƙar ma'adinai, da neman ruwan rijiyar burtsatse, da hasashen yanayi, da tsara taswira. Wanda ya iya gane tsohuwar hanyar ruwa a hoton Mars ba zai rasa gane ta a hoton Sahel ba. Kuma ƙofar shiga ta fi da sauƙi. Hukumar NASA ta Amurka tana sakin hotuna da ma'aunan kumbunanta kyauta a intanet, ɗalibin da ke da kwamfuta da malami mai kula yana iya yin aikin kammala digiri a kansu daga ɗakinsa a Samaru. Ƙungiyar masana taurari ta duniya tana da ofishi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu tun 2011, wanda yakan ba da ƙananan tallafi ga ayyukan ilmin taurari masu amfani ga al'umma. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Sai dai ba malami ne ke tsintar dutsen sama ba. Manomi ne, ko makiyayi, ko mai haƙar zinariya, kuma daga hannunsa kasuwa yake nufa. Wannan shi ya kawo mu Sabon Gari. Samaru da jami'arta suna cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, kasuwar Sabon Gari kuma tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso ta zama mahaɗar fatake daga ko'ina. 'Yan gwangwan da ke sayen tsohon ƙarfe da awo, da dillalan duwatsu masu daraja, su ne za su fara ganin baƙon dutse mai nauyin da ya wuce girmansa, mai baƙar fata kamar an ƙona shi, wanda sau da yawa maganaɗisu yakan kama. In ba su san shi ba, ko dai ya tafi a farashin tsohon ƙarfe, ko ya faɗa hannun wanda ya san shi ya yi shiru. Jama'armu sun daɗe da sanin sama. Sun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, manoma suna lissafin damina da taurari. Ba baƙon zance za a kai musu ba.

Muna ba da shawara jami'a da ƙaramar hukuma da shugabannin kasuwa su fitar da takarda guda cikin Hausa, da boko da ajami, mai hotuna, a kuma karanta ta a rediyo: in an ga wuta ta keta sama an ji ƙara, a lura da rana da lokaci da wurin, kada a farfasa dutsen, kada a wanke shi, a naɗe shi a abu mai tsabta a kai Samaru. Wajibi ne kuma a yi wa mai kawowa adalci. In ya san ƙwace masa za a yi, ba zai zo ba, kuma yana da gaskiya. A auna masa kyauta, a ba shi takardar shaida, a ɗebi rabon ma'ajiya, a rubuta sunan ƙauyensa, sannan gwamnati ta saya a farashi mai kyau ko ta ba shi izinin sayarwa bisa doka. Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya ita ya kamata ta tsara wannan ƙa'ida a fili, yadda dagaci da jami'in kwastan duk za su fahimce ta.

Attajiran Sabon Gari da suka saba gina azuzuwa da ba da kofin ƙwallo suna iya sayen madubin hangen taurari guda ɗaya, ɗaliban jami'a su riƙa zagayawa da shi makarantun sakandare na Samaru da Basawa da Muciya da Cikaji a lokacin rani, sa'ad da hazo ya ɗauke kafin girgije ya taru.