Turanci zalla a aji ɗaya: me yaron Unguwar Lalle zai ɗauka?

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 da ta tanadi koyar da ɗaliban firamare da harshen uwa. Yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Sai dai waɗanda suka zauna jarrabawar a 2025 sun bar firamare tun kafin a fito da manufar. Ta yaya za a ɗora mata laifin?

Wani zai ce ai a Amurka ana koyar da 'yan shekara biyar da Sifaniyanci zalla, kuma suna iyawa. Gaskiya ne. Tsarin ya faro ne daga Kanada a 1965 da Faransanci. Amma can malamin ya ƙware a harshen, aji cike yake da littattafai da hotuna, a gida kuma ana karanta wa yaro da harshensa.

Yaron Unguwar Lalle fa? Hausa yake ji a gida, a kasuwa da masallaci. Karatunsa na yawan yankewa saboda hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Sabon Birni da Isa, har wasu iyalai suka tsallaka jihar Maraɗi. Idan ya dawo aji aka tarbe shi da harshen da bai taɓa ji ba, hadda kawai zai yi. Zai rera haruffa kamar waƙa, ya kai aji huɗu bai iya karanta sunan garinsu ba.

Mun taɓa gwada wata hanya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida a Ile-Ife, Turanci kuma darasi ne na musamman a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin.

Babu uban da ba ya son ɗansa ya iya Turanci. Shi ya sa ya kamata Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato ta nemi a bar ƙananan azuzuwa su koyi karatu da lissafi da Hausa, ta buga littattafai, ta horar da malaman Turanci. Yaron da ya iya karatu da harshensa ba ya shan wahalar koyon na biyu.