Sa'ad da Likita Ya Ce Ciwo Ya Wuce Warkewa

A wannan mako za mu yi magana ne a kan majiyyacin da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, har likitoci suka ce ya wuce warkewa. Da zarar an faɗi haka, sai dangi su kasu biyu. Waɗansu su ce a sayar da gida da rumfar kasuwa a tafi Misira ko Indiya, waɗansu kuwa su ce a koma da shi gida a jira ikon Allah. Shi kuwa majiyyacin ba mai tambayarsa, yana kwance yana juyi saboda azaba.

To, akwai hanya ta uku, watau jiyyar sauƙaƙa wahala. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta kafa tushenta na zamani, sa'ad da ta buɗe gidan jiyya na St Christopher's a Landan cikin 1967. Ta lura zafin wanda ajali ya kusanto shi ba a jiki kaɗai yake ba, ya haɗa da tsoro, da tunanin iyali, da damuwar makoma. Cikin 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai 3 na kashe zafin ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa kodin, sa'an nan mofin. Ana ba da shi a kan lokaci, ba a jira sai majiyyaci ya yi kururuwa ba. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashen wannan aiki cikin 2007.

Kada a zaci wannan jiyya sallama mutum ga mutuwa ce. Cikin 2010 an buga sakamakon bincike a kan majiyyata 151 masu ciwon dajin huhu a Boston ta Amurka. Waɗanda aka fara musu ita da wuri sun fi samun natsuwa, kuma a tsaka-tsaki sun rayu kusan wata 12, sauran kuwa kusan wata 9. Ajali dai na Allah ne, amma sababi a hannunmu aka bar shi.

Sau da yawa akan tambaye mu hukuncin mofin, tun da yake ana tsoron yana gusar da hankali. Malaman fiƙihu tun dā sun halatta banju domin yanke gaɓar da ta ruɓe, saboda lalura. Haka nan mofin halal ne in likita ne ya rubuta shi, gwargwadon bukata, da niyyar kashe zafi. Wanda aka daidaita masa awo yakan yi gyangyaɗi kwanakin farko, daga baya ya wartsake ya gane mutane, ya yi zikiri. Haƙuri ba shi ne ƙin magani ba. Abin da shari'a ta haramta shi ne a ba mutum wani abu da nufin gaggauta mutuwarsa, ko da shi ya roƙa. Amma barin maganin da ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba ya ƙara kome sai wahala, wannan ba kisa ba ne.

Babban abin da muke so mu ja kunne a kai shi ne ɓoye wa majiyyaci gaskiya. Dangi kan roƙi likita kada ya gaya masa, wai don tausayi. Alhali kuwa ɗan kasuwa yana da bashi da ajiyar mutane waɗanda ba su cikin littafi, ma'aikaci yana da takardun fansho da amanar ofis, wani kuma yana da ɗan'uwan da suka shekara ba sa ga-maciji. Wa zai warware waɗannan in ba shi ba? Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma a mazhabar Imamu Malik kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali daga sulusin nan ake fitar da ita. Lalle a gaya masa, a hankali, gwargwadon abin da yake son ji, tare da ƙarfafa masa kyakkyawan zato ga Ubangijinsa.

Salla kuwa ba ta faɗuwa muddin akwai hankali. In ruwa zai cuce shi ya yi taimama, in ya kasa tsayuwa ya zauna, in ya kasa zama ya kwanta ya yi nuni. Masu dubiya su taƙaita zama, su rage labarin magunguna, su tambayi mai jiyya ko ta ci abinci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani, amin.